Daga Gusau Zuwa Bagauda, Bayan Kawu Mai Duba Dam

Dam ɗin garinmu ne ya tayar da ni wannan tafiya. Ƙaramar madatsa ce ta ƙasa da aka yi mana tun ina firamare, kuma da ita muke noman rani, albasa da tattasai da ɗan tumatir. Tun da dam ɗin Alau ya ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri cikin dare, hankalin mutanenmu bai sake kwanciya ba, musamman masu gidaje a gangare. Da yake ni ne sakataren ƙungiyar manoma, ni aka ɗora wa nemo wanda zai gaya mana gaskiyar lafiyar namu. Ina da kawu a Zariya, injiniyan ruwa ne da ya yi ritaya. Da na kira shi ya ce shi kam ba zai iya hanyar Zamfara ba a shekarunsa, amma wasu manoma a kudancin Kano sun roƙe shi ya duba musu nasu. In zo mu tafi tare, in gani da idona, in koma in yi wa namu.

Na isa tasha a Gusau da duku-duku cikin hunturun Janairu, amma mota ba ta tashi ba sai da rana ta ɗaga, don babu direban da ke son ya zama na farko a hanyar Tsafe. N9,000 na biya zuwa Zariya, yaron mota ya ƙara karɓar ɗari biyar na jaka. Daga Kwatarkwashi har Yankara babu mai magana, kowa da abin da yake karantawa a ransa. Shingaye kuwa ga su nan bi da bi, ganguna da buhunan yashi, a rage gudu, a sauke gilashi, a leƙa fuskokinmu. Wani wurin a ɗaga mana hannu mu wuce, wani wurin direba ya miƙa hannu a dunƙule ya dawo da shi a buɗe. Sai da muka hango Funtua wata tsohuwa a bayana ta yi hamdala da ƙarfi, sannan hira ta ɓarke, har aka fara rabon gyaɗa. Daga nan zuwa Giwa da Shika barci na yi.

A Samaru na kwana. Bayan tuwo Kawu ya ce in taya shi haɗa kayan aiki, ya jawo wani tsohon buhu daga ƙarƙashin gado. Abin da ke ciki: tef na awo, tocila, dogon tiyo siriri irin na magina, bokiti, takalman roba, littafin rubutu mai bango ja, gorunan ruwa na roba da babu komai a cikinsu, da wani falle na kwano da aka yanke masa baki mai tsini ƙasa. Na ce, "Kawu, ina na'urorin?" Ya nuna idonsa, ya nuna ƙafarsa, ya ce in je in kwanta.

Da safe muka ɗauki tsohuwar fijonsa, ni na zuba mai. Titin Zariya zuwa Kano sumul yake yanzu, wanda ya fito daga irin hanyarmu sai ya ji har da ɗan haushi. A Kwanar Ɗangora muka tsaya muka ci balangu da shayi, N3,500 mu biyu, sannan can gaba muka saki babban titi muka yi dama. Kawu ya ce kafin mu je wurin masu gayyata sai na ga Bagauda tukuna, don duk mai son sanin dam ɗin ƙasa a Arewa daga nan ya kamata ya fara.

Tafkin Bagauda a kwance yake lumui, hazo ya rufe ɗaya gaɓar, masunta biyu na jan koma a nesa. A gefensa ga gine-ginen tsohon otal ɗin nan da ya koma makarantar horar da lauyoyi. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar, wajen 1970, kuma da ruwanta aka fara gwajin noman rani a Kadawa kafin a gama Tiga a 1974. Tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 22. Tiga da ke can gaba kaɗan an gina ta ne don ta ɗauki kusan biliyan 2, ka ga ke nan Bagauda ko kusa da ƙafarta ba ta kai ba. Amma a watan Agustan 1988, bayan an yi kwana da kwanaki ana sheƙa ruwa, wannan ƙaramar ce ta cika ta wuce ƙima, bangon ya ɓalle, ruwa ya tafi da gonaki da gidaje da dabbobi da rayuka. Wani dattijo mai gyaran taru a gindin bishiya ya ce mana shi yana saurayi a lokacin, kuma abin da bai manta ba shi ne washegari, da suka zo suka tarar da tafkin ya koma fili na taɓo, yara na tsintar tarwaɗa da hannu, manya kuma suna can gangare suna neman 'yan uwansu. Daga baya aka sake gina ta. Kawu ya ƙara da cewa tsoron da abin ya jefa wa ma'aikata bai tsaya nan ba: a 1992 an rage tsayin mafitar rarar ruwa ta Tiga, aka haƙura da wani kaso na ajiyarta don a sauƙaƙa wa bangon nauyi.

A bakin ruwan nan ya fara yi mini karatu. Ya ce a ƙa'idar ƙungiyar manyan madatsu ta duniya, dam yana zama babba in tsayinsa ya kai mita 15, ko kuma yana tsakanin mita 5 da 15 amma yana riƙe da ruwa fiye da kubik mita miliyan 3. "To amma kai ɗan nan, kada wannan ya ruɗe ka. Tambaya biyu ake yi wa kowane dam, kuma ba a haɗa su. Ta farko, yaya lafiyar jikinsa? Ta biyu, in ya karye yau da dare, wa ke kwance a ƙasansa?" Ya ce a Amurka mataki uku suke sa wa dam a kan tambaya ta biyu, babban hatsari da matsakaici da ƙarami, kuma ba ruwan wannan da tsufa ko sabunta. Sabon dam garau da gari a gindinsa babban hatsari ne. Ruɓaɓɓe a tsakiyar daji da babu kowa a bayansa ƙarami ne.

Ƙauyen da aka gayyace shi yana can ciki, bayan tafiya mai ɗan nisa a kan hanyar burji da ta kusa kwance wa fijo ƙusoshi. Mun isa bayan la'asar. Mai unguwa ya sauke mu a shagon ƙofar gidansa, aka shimfiɗa mana tabarma da katifa ɗaya, na bar wa Kawu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da soyayyar karfasa, shinkafar tasu ce ta gida, ga kunun tsamiya a kwanon sha. Ba su karɓi ko sisi ba, kuɗin man mota ma ƙungiyarsu ta ce ita za ta mayar. Abin da ya hana ni barci sauro ne. A wurinmu da zarar hunturu ya kankama sauro ya yi sallama, amma a nan ruwa na kwance shekara zagaye, shi ma yana nan shekara zagaye. Na kwana ina mari kaina, Kawu na minshari.

Gari na wayewa muka fita, da mai unguwa da Sarkin Ruwa da shugaban manoma da tarin yara. Dam ɗin ɗan madaidaici ne, tsawon bangonsa bai wuce tafiyar minti goma ba, tsayinsa a tsakiya Kawu ya auna ya ce mita 8 da ɗoriya. Kowa ya nufi ɓangaren ruwa, don nan ne abin kallo, ga shanu na sha, ga injinan ban ruwa na ta ƙara. Kawu ya ɗan duba duwatsun da aka jera don kare bangon daga igiyar ruwa, ya ga inda aka kwashe wasu, mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce harsashin gini aka yi da su. Bai ce komai ba, ya rubuta.

A saman bangon muka fara tafiya a hankali, shi a gaba yana zungurar ƙasa da sanda. Ya nuna mini tsaga iri biyu. Wadda ta bi tsawon bango tana nuna cewa gefe ɗaya na son zamewa. Wadda ta ratsa shi a gicciye, daga wajen ruwa zuwa baya, ita ce mai tayar da hankali, don hanya ce aka share wa ruwa. Ta farkon kawai muka samu, siririya, ya sa aka kafa turaku biyu a gefenta ya auna tsakaninsu, ya ce a riƙa sake aunawa duk wata. Sai muka zo inda shanu ke hawa su sauka. Da ido ba ka ganin komai. Ya cika tiyon nan da ruwa, ya ba ni baki ɗaya, ya riƙe ɗaya, muka yi awo irin na magina, sai ga shi wurin ya lotsa da kusan kamu guda. Ya ce dam ba ya da tsayin da ya wuce na wurin da ya fi gajarta a jikinsa, kuma ranar da ruwa zai hau, ta nan zai fara.

Daga nan ya juya wa tafkin baya ya gangara, kuma a can muka shafe mafi yawan yinin. Ciyawa duk ta bushe ta yi fari, amma can ƙasa kusa da gindin bangon ga wani wuri kore shar, har wata baiwar Allah ta shuka alayyafo da yakuwa a wurin. Kawu ya sa takalmin roba ya taka, ƙafarsa ta nutse. Shugaban manoma ya yi sauri ya ce ai wannan tun kafin a haife shi yake tsattsafowa. Kawu ya ce ya yarda, kuma ba laifi ba ne. "Dam ɗin ƙasa kamar randa yake, dole ya yi raɓa a jikinsa. Raɓar ba ta kashe randa. Ranar da ka ga ruwan na fitowa da jar ƙasa, to jikinta ne ke narkewa." Ya tsuguna ya ɗebi ruwan a gorunan nan daga wurare uku, ya jera su a kan dutse, ya ce kada wanda ya taɓa.

Kafin ruwan gorunan ya kwanta ya sa yara suka haɗa tsattsafon ya bi ta ƙaramar hanya ɗaya, ya kafa fallen kwanon nan a tsaye, ruwa ya riƙa zuba ta tsinin bakin. Ya tara bokiti, na riƙe agogon waya, muka ga daƙiƙa nawa yake ɗauka ya cika. Ya ce adadin na yau shi kaɗai ba ya gaya maka komai, sai an jera shi da na mako mai zuwa da na watan gobe, tare da tsayin ruwan tafki a ranar. In tafki na ja baya amma yoyo na ƙaruwa, a kira shi ko tsakar dare ne. Da muka koma kan gorunan, biyu sun yi garai-garai. Na ukun kuwa, wanda ya ɗebo kusa da inda bututun sakin ruwa ya fito, akwai laka siririya kwance a gindinsa. Kawu ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo, ya miƙa wa mai unguwa, mai unguwa ya miƙa wa Sarkin Ruwa. Ba wanda ya yi magana. Sarkin Ruwa ne ya fara cewa a kawo yumɓu a toshe. Kawu ya ce a'a, Sarki, in ka toshe nan zai nemi wata ƙofa da ba ka gani. A shimfiɗa yashi mai tsabta a kai, a bi shi da tsakuwa, a danne da duwatsu, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. Ya ce haka ruwa ya ci dam ɗin Teton na Amurka ta ciki a 1976, sabo fil, a cikarsa ta farko, kuma tsakanin ganin ruwa mai laka da ɓallewar bangon sa'o'i ne kawai.

Sauran abin da muka gani a bayan bangon duk na san irinsu a gida: suri guda biyu, ramukan gafiya, kwararon da ruwan sama ya zaizaye, da darbejiya uku manya da mutane ke hutawa a inuwarsu. Wani matashi ya ce gobe za su sare su. Kawu ya ce sarewa kawai ta fi bari muni, don saiwar za ta ruɓe a ciki ta bar rami. Sai ruwa ya ja baya a tono ta gaba ɗaya, a mayar da ƙasa a daddaɓe ta hawa-hawa. Ƙananan kuwa a cire su tun yanzu.

Rigima ba ta tashi ba sai a mafitar rarar ruwa. An jera buhunan yashi a bakinta hawa uku, har an fara ɗora bulo. Shugaban manoma bai ɓoye ba, ya ce su suka yi. "Baba Injiniya, laka ta cinye rabin tafkin nan. In ba mu ƙara ba, ruwa na ƙarewa albasa ba ta nuna ba. Bashin taki wa zai biya mana?" Maganar ta shige ni, don ko a taronmu na gida an sha kawo wannan shawara, kuma masu kawo ta ba mahaukata ba ne, mutane ne da suka ga amfanin gonarsu na ƙonewa saura mako biyu. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce kusan ɗaya cikin uku na madatsun da suka karye, ruwa ne ya bi ta kansu, kuma bangon ƙasa ba ya jure haka ko na yini ɗaya. Duk buhun da aka ɗora a nan, daga tazarar da ke tsakanin ruwa da saman bango aka ciro shi, ga kuma wurin shanu da ya riga ya lotsa. Ya ce in dai ruwa suke so, a yashe lakar da rani, masu bulo ma za su kwashe ta kyauta. Aka yi ta ja-in-ja har azahar. A ƙarshe mai unguwa ya yanke cewa buhunan za su zauna har a cire albasa, amma kafin ruwan farko za a kwashe su, bulon kuma a rushe shi yau. Kawu ya ce a rubuta, a sa hannu. A raina na ce Allah ya sa a tuna, don na san yadda alkawarin rani yake zama in damina ta zo da wuri.

Bawul ɗin sakin ruwa kuwa ya ƙi motsi, ƙarti uku suka kama kambun suka yi ta nishi a banza, tsatsa ta riƙe shi. Nan ne jikina ya yi sanyi, domin ni ganau ne. A ƙarshen Satumban 2006, cikin azumi, madatsar Gusau ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, kuma abin da aka bayyana a lokacin shi ne ƙofofin sakin ruwa sun ƙi buɗuwa. Gidaje ɗaruruwa suka tafi, gari ya shiga wahalar ruwan sha. Na ba su labarin a tsaye a wurin. Kawu ya ce bawul ɗin da ba a juya shi sau biyu a shekara ana sa masa giris, a ɗauka babu shi.

Na zaci mun gama, sai ya ce saura tambaya ta biyu. Muka bi rafin da ƙafa zuwa gangare, yana tsayawa yana zana taswira a littafinsa. Lambuna, sai wata ruga, sai unguwa guda da ta tsiro a cikin kwarin bayan an gina dam, don mutane sun ga rafin ya daina cika. A tsakiyarta ga makarantar Islamiyya, yara na ta karatu. Ya tambayi malamin ko ya san inda zai kai su in aka ce dam ya ɓalle. Malam ya yi murmushi ya ce sai inda Allah ya nufa. Kawu ya ce haka ne, Malam, amma ga tudu can bayan masallaci, a gwada tafiyar da yara wata rana a ga minti nawa ce. Aka tsayar da mutum biyu masu kwana kusa da dam da za su riƙa duba shi duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, aka rubuta lambobin waya, aka ce lasifikar masallaci ita ce gangar.

Da daddare a shago ya karanta musu hukuncinsa. Lafiyar jiki: ba ta kai a ce a gudu ba, amma akwai aiki huɗu da ba za su jira damina ba. Hatsari: babba, saboda unguwar nan. Ya kuma gaya musu iyakar abin da ido ke gani. Lissafin ruwan da zai iya saukowa daga tuddai a shekara mafi muni, da haƙa jikin bango a ga irin ƙasar da ke ciki, da bututun auna matsin ruwa irin na manyan madatsu, duk aikin hukuma ne, kuma zai rubuta musu takardar da za su kai. Ya ce manyan irin su Tiga da Bakolori da Goronyo sun samu shiga shirin gyara na Bankin Duniya da aka fara a 2014. Ƙanana irin wannan, wani ma ko zanensa na asali ba za ka samu a ofis ba.

A dawowa muka zaga ta Kwanar Gafan na ga kasuwar tumatir, kwanduna jajur har bakin titi, tireloli na lodi zuwa Kudu, na sayi ƙaramin kwando na kai wa matar Kawu. A Samaru ya yanka mini nawa fallen kwanon, ya ba ni sabon littafi. Hanyar Tsafe ta sake karɓar shirunta, muka wuce lafiya.

Washegarin isata na ɗauki yara biyu da tiyo da goruna muka zaga namu. Tsattsafonmu garau yake, alhamdu lillahi, kuma na fara rubuta awon bokiti duk Juma'a. Amma wani ya shuka rake a tsakiyar mafitarmu, akwai suri ɗaya, ga kuma mangwaro a jikin bangon wanda mai shi ya ce kakansa ne ya dasa, kuma duk wanda ya taɓa shi su haɗu a gaban alƙali. Maganar tana wurin hakimi yanzu, an ce mu dawo bayan sallah.